A Ƙarƙashin Jan Layi

A makarantar da nake koyarwa akwai wani dogon littafi mai baƙin bango da ake ajiyewa kan teburi a ƙofar ofishin shugaba. Duk malamin da ya iso sai ya rubuta sunansa da lokacin da ya shigo, ya sa hannu. Ƙarfe 7:45 daidai mataimakin shugaba zai fito da rula da jan biro ya ja layi. Wanda sunansa ya faɗo ƙasan layin ya makara, in kuma ya yi haka sau uku a wata za a taɓa albashinsa. Shekara 22 na yi ina sa hannu a littafin nan da waɗanda suka cika kafin shi, kuma ranakun da sunana ya sauka ƙasan layi ba su kai yatsun hannu biyu ba. Daga ƙarshen 2021 zuwa tsakiyar 2023 kuwa, kusan kullum a can ƙasa ake samuna. Abin da ya jawo haka nake so in faɗa. Na daɗe ina jin nauyin faɗarsa, kuma wannan jin nauyi ya cuce ni fiye da yadda ciwon ya yi.

Ni haifaffiyar birnin Zariya ce, cikin ganuwa, ba nisa da Ƙofar Doka. An haife ni a 1974. Na yi karatun malanta a Kwalejin Ilimi ta Tarayya da ke nan garin a wancan lokaci, fannin lissafi, a 1999 na kama aiki a wata makarantar kuɗi da ke ɓangaren Samaru. Ba zan ambaci sunanta ba, don har yau a can nake neman abincina, kuma ba tonon silili ya kawo ni ba. 'Ya'yana biyar. Kullum in na idar da sallar asuba sai in haɗa abin kari, in fito in hau mota, mu bi ta Tudun Wada, mu ratsa PZ, mu wuce Kwangila har Samaru. Wanda ya san hanyar nan da safe ya san in ba ka bar gida da wuri ba ka riga ka makara.

Da hunturu abin ya fara, shi ya sa ma ya tsorata ni. Kowa ya san sanyin Zariya a watan Disamba, lokacin da ruwan randa ba ya taɓuwa, leɓe da diddige duk su tsattsage. A irin wannan dare na farka wajen ƙarfe biyu ina jin kamar an hura gawayi a ƙirjina. Zafin ya taso ya bi ta wuya, ya mamaye fuska har cikin gashin kai, zuciyata na dukan uku-uku. Na yaye bargo, na tuɓe rigar sanyi, na zauna bakin gado gumi na ɗiga ta haɓata, alhali maigida na gefe ya ƙudundune har ka. Bayan 'yan mintuna zafin ya sauka, sai sanyi ya same ni cikin jiƙaƙƙiyar riga, na kama rawar ɗari. Na canza kaya na kwanta. Kafin a kira assalatu sai da ya dawo sau biyu.

Tun daga daren nan barci ya ƙaurace mini. In kwanta ƙarfe goma, in farka sha biyu, in sake farkawa biyu, daga uku kuma sai dai in zuba wa silin ido ina jin ladanan unguwa suna kiran farko ɗaya bayan ɗaya. Barci mai nauyi ba ya zuwa sai bayan sallar asuba, daidai lokacin da ya kamata a ce ina bakin titi. Sau da yawa a kan sallaya yake sace ni, carbi a hannu, sai ƙaramar 'yata ta taɓa ni ta ce, "Mama, bakwai ta wuce."

Na je kemis aka ce maleriya ce, na sha magani. Aka ce taifod, na sha allurai. Yayar maigida ta ce zafin dare da faɗuwar gaba ba ciwon asibiti ba ne, a nemo mai ruƙiyya. Wata maƙwabciya ta ja ni gefe ta ce in bincika wurin aiki, kada wani ne ya sa mini hannu. Duk cikinmu ba wadda ta kama sunan abin, har da ni da nake taƙamar na je makaranta. Alhali alama tana gabana: al'adata ta fara yi mini wasa. Ta yi wata biyu ba ta zo ba, har na sayi abin gwajin ciki a ɓoye ina da shekara 47, sannan ta zo kamar an ɓalle famfo, ta yi kwana goma sha.

A aji ma abin ya bi ni. Ni da nake warware lissafi a allo ina magana da yara ba tare da na duba littafi ba, sai ga shi ina kaiwa tsakiyar aiki kaina ya ɗauke ɗif. In tsaya da alli a hannu, in kalli abin da ni na rubuta yanzu-yanzu, in rasa ta ina zan ci gaba. Sunan yaron da na koyar shekara uku ya ɓace mini a baki. Ga saurin fushi da ban san kaina da shi ba. Akwai yarinyar da na daka wa tsawa don kawai birona ya faɗi ta yi jinkirin ɗauko mini, har ta yi kuka. Na koma gida na rufe ɗaki ni ma na yi nawa kukan. A raina na fara yarda cewa hankalina ne ke taɓuwa, kuma wannan tsoron ban gaya wa kowa ba, ko maigida.

Ranar da ba zan manta ba wata Talata ce a watan Maris na 2023, bazara ta kankama. Ajin na sama ne, rufin kwano ba silin, fanka ɗaya kuma babu wuta. Darasi biyu ne a jere da 'yan aji biyu na babbar sakandare, maza da mata. Ina sanye da atamfa mai haske da gajeren hijabi. Na juya ina rubutu a allo sai na ji abu ya zubo mini gaba ɗaya, irin zubowar da mace ta san audugar da ta sa ba za ta riƙe ba. Ban gama tunanin abin yi ba sai ga wata yarinya daga layin gaba ta taso da littafinta a buɗe, kamar mai tambaya. Ta matso dab da ni, ta sa yatsa kan shafin, ta ce a hankali, "Malama, zaninki ya ɓaci ta baya. Ki zauna, ina da dogon hijabi na Islamiyya a jaka." Na ja da baya na zauna kan kujera. Na ba su aikin aji. Fiye da rabin awa ina zaune ban motsa ba, gumi na bin bayana, ina jin jini na ci gaba da zuba, ina roƙon Allah kada wani yaro ya ce in zo in duba masa aiki. Da aka buga ƙararrawa yarinyar nan ta tsaya har kowa ya fita, ta miƙo mini hijabin, ta ɗauko tsumman goge allo ta jiƙa da ruwan gorarta ta goge kujerar da kanta. Allah ya yi mata albarka duk inda take.

Bayin malamai ɗaya ne a makarantar, na maza da mata, kuma makullinsa na rataye a ƙusa bayan kujerar shugaba. Kafin ki shiga sai kin yi sallama a ofishinsa, kin zagaya bayansa kin ɗauka, sau da yawa da baƙi a zaune. Ranar na kasa. Na fita ta ƙaramar ƙofa, na ɗauki shatar Keke Napep har gida.

Washegari takardar tuhuma na jirana. Laifi biyu: barin aiki ba izini, da makara sau tara a wata guda. Aka ba ni awa 24 in ba da amsa. Na zauna da biro a ɗakin malamai na fi awa ɗaya, abin da na iya rubutawa kawai shi ne ba ni da lafiya. Aka ce ina takardar likita. Babu. Aka yanki albashina na watan, aka karɓe ajin ƙarshe da nake shiryawa jarrabawar WAEC da NECO shekara da shekaru, aka ba wani saurayi da ni na nuna masa yadda ake tsara darasi. Ban ƙi yaron ba, yana da ƙoƙari. Abin da ya soke ni shi ne maganar da na jiyo ta taga ana yi a ofis: "Malama ta gaji, shekaru sun ja. Gara a fara kawo sabbin jini."

Na je wurin mahaifiyata da yamma na zauna gabanta na kwashe komai na gaya mata. Inna ta saurara har na gama, sannan ta ce, "Ai girma ne ya zo miki. Fashin salla ne zai ɗauke. Kowace mace da haka ta wuce, ki yi haƙuri." Na ce, "Inna, to me ya sa ba ki taɓa gaya mini ba?" Ta ce, "Wa ke zama ya yi wannan zance da 'yarsa?" Na tambaye ta yadda ta yi nata. Ta ce ita ma ta sha zafin dare, amma in gari ya waye ta gama sallamar yara sai ta shimfiɗa tabarma a inuwar ɗaki ta rama barcinta, in ta tashi ta ci gaba da aikinta. Inna ƙuli-ƙuli da man gyaɗa take yi. In ba ta soya gyaɗa da safe ba za ta soya da la'asar, ba wanda zai ja mata layi. Bayi na bayan ɗakinta, randa na ƙofarta, in zafi ya taso ta cire ɗankwali ta watsa ruwa.

Na daɗe ina juya wannan magana a hanyar komawa gida. Haƙurin da iyayenmu suka yi gaskiya ne, amma sun yi shi ne lokacinsu na hannunsu. Mu da muka fita aikin albashi jikinmu irin nasu ne, sai dai an ɗora mu kan agogon da ba a yi shi da mu a rai ba. In aka ce mini in yi haƙuri kamar Inna, sai a ba ni abin da Inna ta samu.

Maigida ne ya matsa muka je asibitin koyarwa na Shika. Likitar mata da na gani ba ta kai ni shekaru ba. Ta ce, "Hajiya, gaya mini komai, kada ki rage." Na fara ina kame-kame, daga baya bakina ya buɗe, har tsoron taɓin hankalin na faɗa. Ta ajiye biro ta ce ba hauka ba ne, ba aljanu ba ne, kuma ba ni kaɗai ba ce. Ta yi mini bayani dalla-dalla: ma'ajiyar ƙwan haihuwa ce ke rage aiki, sinadarin istirojin da take samarwa yana hawa yana sauka kafin ya yi ƙasa gaba ɗaya, shi ke rikita wurin da ke daidaita zafin jiki a ƙwaƙwalwa, ya taɓa barci, ya taɓa yanayin zuciya, ya kawo mantuwa da ciwon gaɓoɓi. Ta ce yawancin mata al'adarsu na ɗaukewa tsakanin shekara 45 da 55, kamar yadda Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana, kuma ba a cewa ta ɗauke sai an yi wata 12 cur ba a ga jini ba. Shekarun da ke gabanin haka, irin waɗanda nake ciki, su ne masu rikici, kuma sukan ɗauki shekaru. Wata ta wuce su ba ta ji komai ba, wata kuma su kayar da ita.

Aka auna jinina aka ga ya yi ƙasa saboda yawan zuba, wanda shi ma ya ƙara mini kasala da jiri. Aka yi hoton mahaifa don a tabbatar ba ƙari ba ne, aka duba hawan jini da suga da maƙoshi. Ta ba ni maganin ƙarin jini da na rage zubar. Ta ce akwai maganin maye gurbin sinadarin da ya ragu, yana taimakon mata da yawa, amma ba kowace mace ya dace da ita ba, kuma ba abin saye a kemis ba ne sai likita ya duba. Ta ce in riƙa sa tufafin auduga marasa nauyi, in rage yaji da shayi mai zafi da dare, in riƙa tafiya a ƙasa don ƙashi yakan yi rauni bayan wannan lokaci. Ta kuma ja kunnena kan abu biyu: har yanzu ciki na iya shiga, sannan in al'ada ta ɗauke shekara guda daga baya na ga ko ɗigon jini, in dawo asibiti ba tare da jira ba. Daga ƙarshe ta rubuta mini takarda zuwa wurin aiki. Na riƙe takardar nan a mota ina kallonta, hawaye na zuba, don karon farko ke nan cikin wata goma sha biyar da abin da ke damuna ya samu suna.

Azumin shekarar ya faɗo cikin tsananin zafi, ga jinin da ba ya jin ƙa'ida, na rasa yaushe zan yi salla yaushe zan bari. Na tambayi malamarmu ta Islamiyya. Ta ce a mazhabar Malikiyya mafi tsawon haila kwana 15 ne, abin da ya wuce haka jinin ciwo ne, mace ta yi wanka ta ci gaba da ibadarta, ta kuma zauna ta lissafa mini nawa bisa kwanakin da na saba. Sannan ta buɗe Alƙur'ani, Suratuɗ Ɗalaƙ aya ta 4, ta nuna mini inda Allah ya ambaci matan da suka yanke tsammani daga haila, ya kuma yi musu hukuncinsu na daban. Ta ce, "Yaya, abin da Allah ya ambata a littafinsa, yara na karantawa a allo, ke ce za ki ji kunyar faɗarsa don neman haƙƙinki?" Maigida ma da na gaya masa ya ce, "Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Ki je ki same su."

Bayan salla na nemi ganin shugaba da mai makarantar tare. Mai makarantar dattijo ne, ya girme ni nesa. Na gaishe su, na ajiye takardar likita kan teburi, na ce, "Ranka ya daɗe, al'adata ce ke ɗaukewa. Shi ne ciwon da na kasa rubutawa a amsar tuhuma." Shugaba ya sunkuyar da kai yana juya biro. Alhaji ya yi gyaran murya ya ce, "Subhanallahi. Allah ya sawwaƙe, Malama." Na ga sun fi ni jin kunya, wannan ya ƙara mini ƙarfin gwiwa.

Na ce ban zo neman a rage mini aiki ba, ko darasi ɗaya. Abin da nake roƙo a matsar mini da darussan farko na safe zuwa bayan ƙarfe tara, ni kuma in karɓi lesin na yamma da malamai ke gudu, in tashi ƙarfe huɗu. Awannin da zan yi ba su ragu ba. Na roƙi a dawo da ni ajin ƙasa mai tagogi biyu da inuwar darbejiya. Na roƙi a yanka wa malamai mata makullin bayi nasu, a ajiye bokiti da ruwa. Na kuma ce in rana ta ɓaci mini, a bar ni in gaya wa babbar malama mace in fita, in rama darasin a cikin mako.

Shugaba ya ce, "Malama, mun ji, kuma mun tausaya. Amma in aka yi miki, gobe kowa zai zo da nasa uzurin. Doka ɗaya ce ga kowa."

Na riga na san za a faɗi haka, na kuma kwana ina tunaninsa. Na ce, "Ranka ya daɗe, malamin kimiyya da ke digiri na biyu a Jami'ar Ahmadu Bello an cire masa darussan Talata da Alhamis, kuma daidai ne. Ranar Juma'a muna tashi da wuri don masallaci. Da azumi ana rage lokaci. Mai shayarwa ana barinta ta je ta ba da nono. Jadawalin nan kullum ana lanƙwasa shi saboda buƙatar mutane, ba a taɓa cewa makaranta ta rushe ba. Nawa uzurin ne kawai ba shi da suna a wurinku."

Wannan ita ce maganar da har yau nake tsaye a kanta. Wurin aiki a ƙasar nan ya san mace in tana da ciki, ya san ta in tana goyo. Dokar Ƙwadago ta Najeriya ta ba mai ciki hutun mako shida kafin haihuwa da shida bayanta, ta ba mai shayarwa rabin awa sau biyu a rana. Gwamnatin Jihar Kaduna ta kai hutun haihuwa na ma'aikatanta wata shida a 2019. Duk wannan alheri ne, an kuma sha gwagwarmaya kafin a samu. Amma daga ranar da mace ta yaye autanta sai a ɗauka jikinta ya gama magana, alhali akwai wani zango a gaba wanda kowace mace da Allah ya ja kwananta sai ta bi, kuma dokar ba ta ce uffan a kansa ba. Yana kuma zuwa ne daidai lokacin da mace ta fi gwanancewa a aikinta. Dokar 2022 ta kai shekarun ritayar malaman gwamnati 65, ko shekara 40 a bakin aiki. Ke nan malamar da abin ya kama tana da shekara 48 tana iya samun shekara goma sha bakwai na aiki a gabanta. A ture ta gefe saboda shekara biyu ko uku na wahala asara ce ga yaran da take koyarwa kafin ma a zo kanta.

Sassauta lokacin aiki kuwa ba baƙon abu ba ne a jihar nan. A Disamba 2021 gwamnatin Kaduna ta fara mayar da ma'aikatanta kan zuwa ofis kwana huɗu a mako. Ko mutum ya yaba tsarin ko ya kushe shi, ya nuna awannin aiki ba wahayi ba ne, mutane suka tsara, mutane na iya gyarawa. 'Yar ƙanwata da ke aikin jinya a Ingila ta gaya mini can tun Afrilu 2024 ma'aikaci na da damar neman a sassauta masa lokacin aiki daga ranar da ya fara, kuma hukumar kare daidaito ta ƙasar ta fitar da jagora ga masu ɗaukar aiki kan matan da ke wannan hali. Ban ce mu kwafo nasu ba. Mu da muka san darajar uwa, muke cewa ciwon 'ya mace na 'ya mace ne, bai kamata a riga mu ba.

Adalci a wurina ba shi ne a auna kowa da jan biro ɗaya ba. A duba ko na shiga ajina, ko na gama manhajar zango, ko na yi makin littattafai, ko yarana sun ci jarrabawa. In na gaza a nan a tuhume ni, ba zan yi ƙorafi ba.

Alhaji ya yi shiru can, sannan ya ce uwargidansa ta yi wasu shekaru tana irin wannan fama, su duka suka ɗauka hawan jini ne. Ya ce a gwada tsarin zango ɗaya a gani. Aka gwada. Barcin awa ɗaya da rabi bayan asuba ya dawo mini da kaina. Ban sake tsayawa da alli a hannu ina neman hanya ba sai jefi-jefi, in ya faru kuma na san mene ne, sai in kurɓi ruwa in ce wa yara su duba layin da ya gabata, kafin su gama ya dawo. Ina da mafici da gorar ruwa kan teburina. Kuɗin da aka yanka ba a dawo da shi ba, takardar tuhumar na nan cikin fayil ɗina, ajin ƙarshe kuwa sai bayan shekara guda aka mayar mini. Jinin ƙarshe na gan shi a ƙarshen 2023. Zafin dare bai tafi duka ba, amma ya yi sauƙi.

Akwai abin da ya fi duk wannan ci mini rai. Shekaru kaɗan kafin nawa ya fara, muna da wata mai shara da muke kira Iya. Ta yi shekaru tana aiki ba a taɓa kuka da ita ba, sai ta fara makara, ana samunta kwance a bayan aji da rana, ga faɗa, ga mantuwa, ta bar tsintsiya nan ta neme ta can. Aka sallame ta. Ina cikin waɗanda suka ce aikinta ya lalace, da bakina na faɗa a taron malamai. Sai da na zauna gaban likita a Shika fuskar Iya ta faɗo mini a rai. Na yi cigiya har na gano tana Hayin Dogo tana tuyar ƙosai. Na same ta da safe gaban kasko, na durƙusa na gaishe ta, na tambaye ta abin da ya same ta a wancan lokaci. Ta ce, "Malama, jini ne ya yi ta zubar mini, ga zafi, dare ba barci. Wa zan gaya wa? Maigadi ko shugaba?" Na ce, "Iya, ki yafe ni, ina cikin waɗanda suka yi magana a kanki." Ta ce ta yafe, ta ƙulla mini ƙosai a leda ta hana ni biya. Ni ina da takardar likita da bakin da zan tsaya gaban mai makaranta. Iya ba ta da ko ɗaya, kuma irinta sun fi irina yawa a garin nan: masu shara, masu dafa abinci a makarantun kwana, masu aikin dare a asibitoci, masu tsayuwa a kanti daga safe har magariba.

Shi ya sa sassaucin da aka yi mini bai kwantar mini da hankali ba. Da baki aka yi shi, albarkacin tausayin dattijo ɗaya. In aka canza shugaba gobe, ko Alhaji ya miƙa wa 'ya'yansa makaranta, jan layi zai dawo kaina, kuma malamai mata uku da ke biye da ni a shekaru za su fara daga inda na fara. Ɗaya daga cikinsu ta riga ta same ni a ɗakin malamai, ta rufe ƙofa ta ce, "Anti, wai zafin nan da dare yake fara miki?"

Mun zauna mun rubuta takarda shafi ɗaya, muna neman a sa tsarin cikin ƙa'idojin makaranta a rubuce, ya shafi kowace ma'aikaciya, daga mai koyarwa har mai shara da mai dafa abinci, kuma a naɗa mace guda da za a riƙa kai wa irin wannan uzuri. Mu bakwai muka sa hannu, biyu maza ne. Taron malamai na gaba ranar Asabar ne kafin a koma hutu. Takardar na cikin jakata, kuma an ce za a ba ni minti goma bayan an gama maganar kuɗin jarrabawa.